Daudawa Ba Ido Ta Rasa Ba: Martani Ga Mai Kiran A Fara Birnin Fasaha Daga Katsina

Kwanakin baya wani marubuci daga cikin 'yan bokonmu ya fitar da dogon rubutu yana kira ga gwamnatin Jihar Katsina ta rungumi tsarin nan da duniya ke yayi na birnin fasaha, wato garin da ake tafiyar da ruwansa da wutarsa da zirga-zirgarsa da tsaronsa ta hanyar na'urori masu tattara bayanai suna aika su wuri guda. Shawararsa ita ce a fara da babban birni. A kafa kyamarori a kowane shataletale, a sa fitilun ba da hannu masu lissafa yawan motoci, a gina cibiya mai manyan alluna inda jami'ai za su zauna suna kallon jihar baki ɗaya. Daga nan, in ji shi, sai a miƙa idon cibiyar zuwa ƙananan hukumomin da ke bakin daga, irin su Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ta hanyar jirage marasa matuƙa da kyamarori a bakin hanyoyi, sannan a mayar da duk wata hulɗa da hukuma cikin manhajar waya. Ya rufe da cewa abin da ya hana mu zaman lafiya da ci gaba shi ne hukuma ba ta gani, in ta gani za ta yi.

Ba ni da ja a kan niyyar Malam, kuma ba na cikin masu cewa talaka ba ruwansa da fasaha sai ya ƙoshi tukuna. Mai faɗin haka bai zauna da manomin Faskari ya ga yadda yake tambayar farashin masara a Dawanau ta waya kafin ya yarda ya saki buhu ɗaya a kasuwar Sheme ba. Inda muka rabu da Malam shi ne maganarsa ta ƙarshe, domin a kanta ya ɗora ginin gaba ɗaya. Hukuma tana gani, an kuma daɗe ana nuna mata. Abin da mutanen garuruwan Faskari irin su Daudawa da Yankara da Ruwan Godiya suka rasa shi ne wanda zai amsa idan an kira, da hanyar da za su bi su tuhumi wanda bai amsa ba. Duk tsarin da bai fara daga nan ba zai ci kuɗin jama'a ya bar su inda suke.

Bari mu fara da tsaro, tun da shi ne hujjarsa mafi ƙarfi. Duk wanda ya yi zama a wannan yanki ya san yadda labarin hari yake tafiya. Da la'asar sakaliya wani mai kiwo ko mai saran itace zai hango ayarin babura, goyon biyu-biyu ko uku-uku, sun fito daga daji sun yada zango a wata fadama. Kafin magariba ya kira ɗan'uwansa a gari, shi kuma ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kira dagaci da shugaban 'yan sa-kai, wani ɗan garin da ke aiki a Funtuwa ko Kaduna ya sa a zauren WhatsApp na 'yan asalin gari. Kafin a yi isha'i mata sun ɗaure ƙullin kaya, an san ta wace kusurwa za a fita, wasu har sun tafi kwana cikin gonakin dawa da 'ya'ya a baya. Lambar jami'an tsaro kuwa an buga ta ba sau ɗaya ba. Amsar da aka saba ji ita ce babu mota, ko babu mai, ko ana jiran umarni, ko hanyar ba ta biyuwa da dare. To wace kyamara ce ta fi wannan mai kiwon gani? Ya san yawan baburan, ya san ta inda suka ɓullo, wani lokaci har ya san yaran wane ne. Kyamara ba za ta faɗi na ƙarshen nan ba.

Ba kurtun soja ko ɗan sanda nake ɗora wa laifi ba. Da yawansu sun bar rayukansu a waɗannan dazuzzuka, kuma mutum goma da mota ɗaya ba za su tari babur hamsin ba. Ina nuna inda igiyar ta tsinke ne, tsakanin samun labari da kai ɗauki. A watan Yulin 2020 rundunar soja ta ƙaddamar da Operation Sahel Sanity a babban sansanin da ta kafa a Faskari. Bayan wata biyar, ranar Juma'a 11 ga Disamba da dare, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, maƙwabciyar Faskari, suka kora ɗaruruwan yara a ƙasa zuwa daji. Kafin gari ya waye labari ya kai ko'ina, shugaban ƙasa kansa yana Daura a lokacin. Sai ranar 17 ga wata aka karɓo yara 344. Wanda zai ce ƙarancin hoto ne ya jawo wannan, sai ya faɗa mana abin da hoton zai ƙara a kan abin da iyayen yaran da mutanen gari suka riga suka sani tun cikin daren. Sayen ƙarin ido a irin wannan hali kamar mai gida ne ya sayo babbar fitila don ya ƙara ganin gobara, alhali randunansa babu ko ɗigo.

Cibiyar da Malam yake mafarki ma ba baƙuwa ba ce a Katsina. Tun 2019 aka buɗe cibiyar karɓar kiran gaggawa ta lamba 112 a jihar, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC. Sannan daga Disamban 2020 aka tilasta wa kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, mutanen ƙauye suka sha dogon layi da asarar kuɗin mota, daga baya aka toshe layukan waɗanda ba su yi ba. Babbar hujjar da aka bayar ita ce za a gano masu garkuwa da mutane. Har yau ta waya ake cinikin kuɗin fansa, ana kira, ana ragi, ana faɗin inda za a kai. Ministan da ya jagoranci shirin, Farfesa Isa Ali Pantami, shi da kansa ya fito a farkon 2024 yana nuna damuwa cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara yadda ya kamata. Ga bayanai a tare, ga lamba, ga cibiya. Malam bai ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma da ya ambata da tilas ya tambayi abin da zai bambanta sabuwar cibiyarsa da su.

Haka bai ambaci Abuja ba. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro, har da kyamarori a titunan Abuja da Legas, mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin Exim na Sin. Turakun sun tsaya a bakin titi da farantan sola a kansu, aka sace batura, aka kwance abin da ake iya kwancewa, majalisa ta yi ta zaman bincike, bashin kuwa yana wuyan 'yan ƙasa. A babban birnin tarayya ke nan, inda kwalta take, inda manyan jami'ai suke wucewa kullum. Wa zai tsare turken kyamara a kan hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, hanyar da gwamnati da kanta ta rufe wa motocin haya a 2021 saboda ta gagara?

Wannan shekara ta 2021 ita ce abin da na fi mamakin rashinsa a rubutun Malam, domin babu wani gwaji da aka taɓa yi wa rayuwar fasaha a ƙasar nan da ya kai shi, kuma a kan mutanenmu aka yi. A farkon Satumba aka katse layukan waya a Zamfara, mutanen Gusau suka riƙa shigowa Funtuwa don kawai su buga waya. Bayan 'yan kwanaki aka katse na ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Ɗandume da Bakori da Malumfashi da Funtuwar kanta. Kafin nan an hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, an hana sayar da fetur a jarka, daga baya har shagunan cajin waya aka rufe. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga kunne da baki, a raba su da infoma. Na san akwai waɗanda har gobe suke ganin matakin ya yi amfani a makonnin farko, kuma ba zan ƙaryata su ba. Amma a tambayi wanda ya zauna a Daudawa a watannin nan abin da ya gani.

Tasha ta koma gidan waya. Direba zai cika mota, sai a miƙo masa 'yan takardu a ninke, an rubuta lambar waya a bayan kowace, ana roƙonsa idan ya kai inda sabis yake ya kira ya karanta: a gaya wa wane mahaifiyarsa ba lafiya, a gaya wa wance an ɗaga biki, a ce wa yaro ya aiko da kuɗin magani ta hannun direban da zai dawo. Mai POS ya kulle rumfarsa ya koma gona ko ya bar gari. Ɗan kasuwar hatsi ya koma ɗaukar tsabar kuɗi a jiki a kan hanyar da kowa ya san halinta. Mace ta fara naƙuda da tsakar dare babu yadda za a kira mai mota. Mafi muni, wancan mai kiwon da yake hango babura da la'asar ya rasa ta inda zai isar da labari sai da ƙafa, gari ya rasa gargaɗin da yake ba shi damar gudu. An kai hare-haren da sai bayan kwana biyu ko uku duniya ta ji. 'Yan bindiga kuwa, kamar yadda rahotanni suka nuna, wasunsu sun koma oba-oba. Sai wajajen ƙarshen shekara aka fara mayar da layukan.

Abu biyu wannan ya koya mini, kuma dukansu sun saɓa wa Malam. Ashe garuruwanmu sun riga sun ɗora rayuwarsu a kan ƙarfen sabis tun kafin wani ya zo da sunan birnin fasaha, don haka ba jiran ragowar babban birni suke yi ba. Ashe kuma makunnin wannan rayuwa ba ya hannunsu, ana iya kashe shi da takarda ɗaya daga nesa ba tare da an tambayi hakimi ko kansila ko mai jego ba. Yanzu Malam yana so a mayar da takardar haihuwa da rajistar taki da biyan haraji da ganin likita duk cikin manhaja. Idan aka sake katse layi, ko ɓarayi suka kwashe man janaretan ƙarfen sabis, ko kamfani ya ga wurin ba ya biyan kuɗinsa ya janye, mutumin Daudawa ya fita daga rajistar gwamnati ke nan har sai abin da hali ya yi. Mun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da aka ce kowa ya koma tiransifa. Manomi ya karyar da hatsinsa ga duk mai tsabar kuɗi, mai tiransifa kuwa ya tsaya yana ɗaga waya sama yana jiran alat. Duk hidimar da za a sa a waya dole a bar mata ƙofa ta biyu ta takarda da mutum a sakatariya ko ofishin gunduma, kuma wannan ba ci baya ba ne.

Ga kuma wuta, wadda ba sai an ja magana a kanta ba. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Tashar iska ta Lambar Rimi mai megawat 10, wadda aka faro maganarta tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta shafe shekara da shekaru fankokinta na tsaye ba ta ba da abin da aka gina ta dominsa ba. Cibiyar da ba ta kashe allo dare da rana dizal za ta sha, kuma daga aljihun da ake sayen maganin asibitin Faskari za a cire kuɗinsa.

Akwai wani dalili da ya sa na zaɓi Daudawa na tsaya a kanta. Garin nan ya taɓa zama cibiyar tsarin da ya fi kowane iya lissafi a ƙasar Katsina. A shekarun 1920 Turawan mulkin mallaka suka buɗe gonar ninka irin auduga a Daudawa. Irin Allen, ɗan asalin Amurka, ana tace shi a tashar bincike ta Samaru, a kawo Daudawa a ninka, a ba manoman kewaye su ƙara ninkawa, a gurza shi daban don kada ya gauraya da wani, sannan a raba anguryar ga manoman lardi kafin shuka. Da kaka a kai auduga fuloti, a duba ta, a raba ta daraja-daraja, a auna, a rubuta. Daga nan sai injin gurza na kamfanin auduga na BCGA a Funtuwa, sai jirgin ƙasa, wanda layinsa ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, sai teku. Babu kwamfuta ko ɗaya a cikin wannan, amma an san wane iri ne yake gonar wa, an san abin da kowace kasuwa ta tara. Tsari ne mai ido ƙwarai.

Sai dai idon na wa ne? An shirya shi ne don masaƙun Lankasha ta Ingila su sami zare mai tsawo iri ɗaya. Manomin da ya duƙa ya tsinci audugar ba ya ganin littafin, ba shi da bakin magana a farashi, daga 1949 ma hukumar cinikin auduga ce take yanke shi. Ya amfana da iri mai kyau da garmar shanu, ba a musun wannan, amma bayanan sama suke tafiya ba sa dawowa. Da aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, ba a bar wa manoma wani abu a hannunsu da zai riƙe tsarin ba, domin tun asali ba nasu ba ne. Iri ya gauraye, daraja ta faɗi, masaƙun Kaduna da Kano suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, gonakin auduga suka koma na masara da waken suya. Taswirar da Malam ya zana iri ɗaya ce da wannan: na'ura a ƙauye, allo a Katsina, kamfanin da ya kafa a wata ƙasa, mabuɗin a hannunsa. Ko a Toronto ta Kanada, inda kamfanin Sidewalk Labs, ɗan'uwan Google, ya so gina unguwar fasaha, tambayar da mazauna suka dage a kai ita ce wa zai mallaki bayanansu. Kamfanin ya janye a Mayun 2020, ya ce saboda rashin tabbas na tattalin arziki, bayan dogon ja-in-ja a kan wannan tambaya.

A wurinmu tambayar ta fi ta Toronto nauyi, domin rai ne a ciki. Rajistar da ta nuna wa yake da shanu nawa, wa ya sayar da buhu ɗari, wa ɗansa yake aiko masa da kuɗi daga Abuja, ita ce takardar da mai garkuwa da mutane zai fi so ya samu. Yankin da kowa yake kuka da infoma, a tara irin wannan bayani wuri guda ba tare da an fayyace wa zai iya buɗewa ba, ganganci ne. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, amma doka a Abuja ba ta hana ƙaramin ma'aikacin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba ya ɗauki hoton allo da wayarsa.

Kada a ɗauka ina cewa a naɗe hannu. Muna da misali a gida na inda fasaha ta yi aiki, kuma a irin waɗannan ƙauyuka ta yi shi. A 2012 Nijeriya ta sami yara 122 da cutar shan inna ta kama, mafi yawansu a Arewa. Ɗaya daga cikin matsalolin shi ne taswirorin da masu rigakafi suke bi da hannu aka zana su, rugage da ƙananan ƙauyuka da yawa ba sa ciki, yaran can ba a taɓa ɗiga musu magani ba. Sai aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka fitar da kowane gungun gidaje, aka bi da mutanen wurin suka faɗi sunansa. Aka sa waya mai nuna wuri a jakar kowace tawaga, tana rubuta inda ƙafarsu ta taka. Da yamma a zauna a duba: ga rugar da ba a shiga ba, ga unguwar da aka ratsa da sauri. Washegari a koma. Ana yin wannan zama da masu unguwanni da dagatai a ciki, sarakuna suna bibiya, akwai kuma wanda za a kira da sunansa idan an sake tsallake wurin. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Wayar da ke cikin jaka ba ta ɗiga wa kowa magani ba. Zaman yamma ne ya yi aikin, shi da komawar washegari. Ko cibiyar kula da birnin Riyo ta Barazil, wadda masu ra'ayin birnin fasaha suke yawan kafa hujja da ita, an buɗe ta ne a 2010 bayan ambaliyar da ta ci rayuka, kuma ƙarfinta shi ne ta tara hukumomi kusan 30 masu motoci da ma'aikata a ɗaki ɗaya.

Sannan ina so Malam ya sake duba inda birni yake girma a jihar nan. Shi yana kallon shataletalen Katsina. Ni ina kallon gefen Funtuwa da Faskari da Ɗandume da Malumfashi, inda mutanen da aka kora daga ƙauyukansu suka sauka. A 2020 makarantun firamare a Faskari da Ɗandume sun cika da 'yan gudun hijira, da yawansu kuma ba su koma ba, sun kama haya ko sun sayi ɗan fili. Gonakin bakin gari ana yanka su awon igiya, babu titi, babu lambatu, babu filin makaranta ko maƙabarta, wani ma a kan hanyar ruwa yake aza tubali saboda nan ne kuɗinsa ya kai. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, don haka babu ofishin da zai faɗa maka mutum nawa ne suke kwana a Daudawa yau, ko aji nawa ake bukata. Mun ga abin da ruwa ya yi a Jibiya a Yulin 2018, ya ci fiye da mutum 40 a dare ɗaya. Nan ne taswira daga sama take da amfani na gaske, a fitar da hanyoyin ruwa da layin titi kafin a gine su, domin fitar da titi a takarda kyauta ne, fitar da shi bayan an yi gini kuwa sai da rusau da diyya da hawaye. Hukumar taswirar filaye ta KATGIS da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa, idan ta tsaya ga filayen GRA masu kawo kuɗin shiga ta bar waɗannan unguwanni, ta bar babban aikinta.

Abin da zan so a gwada a gunduma ɗaya kamar Daudawa ba ya bukatar bashin ƙasar waje. A fara da ƙarfen sabis, a mayar da shi kan sola da batura, a sa tsaronsa cikin aikin dakarun tsaron al'umma da jiha ta ƙaddamar a Oktoban 2023 da matasa fiye da 1,400, tun da 'yan wurin ne kuma iyayensu ne suke amfani da shi. A rubuta a doka cewa ba za a sake katse layin wani yanki ba sai da wa'adi sananne da hanyar kiran gaggawa da za a bari a buɗe. Kowane kiran neman ɗauki a rubuta lokacin da ya shigo da lokacin da aka isa wurin, ko dalilin rashin zuwa, a karanta wannan lissafi duk wata a gaban hakimi da kansila da limamai da wakilan mata. Idan dalilin babu mai ne, jama'a su ji, su san wa za su tambaya kuɗin man. Haka rijiyoyin burtsatse da taransifoma da kwalbatoci, kowanne a ba shi lamba, a san ranar da ya lalace da ranar da aka gyara, a manna a bangon ofishin gunduma, a kuma karanta a rediyo don wanda bai yi boko ba. Harajin kasuwa a karɓa da na'ura mai ba da rasit, a faɗi abin da aka tara ranar kasuwa kafin wata ta zagayo.

Jiha tana da gunduma 361, kuma gwamnati ta riga ta fito da shirin raya al'umma da ya ɗauki gunduma a matsayin tushe, ga hukumar fasahar sadarwa ta KATDICT. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Ranar da kuɗin suka fara sauka a Faskari, littafin da mutumin gari zai iya dubawa ya ga nawa suka shigo, ina suka tafi, zai fi masa kowace kyamara amfani. Na san dalilin da ya sa irin wannan ba ya burge masu kwangila. Babu abin da za a yanke ƙyalle a kai, kuma yana tona asiri. Wannan ne ya sa yake bukatar alƙalami irin na Malam ya tsaya masa.

Idan Malam zai sake rubutu, kuma ina fatan zai yi, ina roƙon ya kawo mana lissafin abin da cibiyarsa za ta ci a shekara biyar bayan an buɗe ta, dizal da batura da albashi da kuɗin lasisin manhaja, da sashen kasafin da za a cire su. Ya faɗa mana mota nawa da jami'i nawa za su kasance a shirye tsakanin Daudawa da Yankara a daren da allon ya nuna babura, sannan ya faɗi ofishin da mutumin garin zai shiga washegari ya shigar da ƙara idan an gani ba a zo ba.